Wutar da Malam Hamzat Ya Raba a Jarka

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinsu da ke Fagge, kowa ya san inda ya dosa. 'Yan Kantin Kwari su koma gida su ɗan ƙara barci kafin kasuwa ta buɗe, masu adaidaita sahu su tafi duba taya da mai. Shi kuwa Malam Hamzat Wali sai ya naɗe ƙafar wando, ya zura dogon takalmin roba, ya kama hanyar da ta bi gefen layin dogo, carbi a hannu ɗaya, mabuɗi a ɗayan. Shekara goma sha takwas ya yi yana wannan tafiya, har karnukan hanyar suka daina yi masa haushi.

Inda yake zuwa wani ɗan fili ne tsakanin Fagge da Sabon Gari, kewaye da tsohon kwano. In ka leƙa ba za ka ga wani abin a-zo-a-gani ba. Wani tudun siminti ne mai zagaye ya ɗan ɗago daga ƙasa da bututu a kansa, sai duro uku a jere, sai rumfa da benci. Wannan tudun shi ne murfin abin da unguwa ke kira Randar Malam. Sauran jikinta yana binne, zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu.

Ba ya taɓa komai sai ya gaishe ta. Zai durƙusa, ya ɗora tafin hannu a kan simintin, ya kanga kunne a jikin bututun, ya lumshe ido. Daga can ƙasa akwai wani ɗan ƙugi da ba kowa ke ji ba, kamar na tukunyar da ta kusa tafasa. In ya ji shi sai ya miƙe yana murmushi, ya ce wa kansa, "Ta kwana lafiya."

Sannan a fara kawo mata karin kumallo. Mahauta su turo baro cike da abin da aka zazzage daga tumbin shanu, masu kiwon cikin gari su kawo kashin dabbobinsu, 'yan gwari na Sabon Gari su aiko da ganyen kabeji da ɓawon dankali. Malam ya auna da bokiti, sha biyu na abinci, sha biyu na ruwa, ya dama da wani dogon itace har ya yi kaurin kunu, ya buɗe mata ta sha. Ba ya ƙara bokiti ɗaya, ba ya ragewa. Duk wanda ya tambaye shi abin da ke faruwa a ciki, bayaninsa ɗaya ne: akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin waɗanda Allah Ya sa a cikin saniya. Su ke cin abincin, numfashin da suke fitarwa kuma shi ne iskar da ke kama wuta. "Ni makiyayi ne," in ji shi, "sai dai garken nawa ba ya ganuwa."

Ba a gidan da aka saba da shebur aka haife shi ba. Kakansa alƙali ne, mahaifinsa malami, 'yan'uwansa kuwa daga mai ofis sai mai koyarwa. Shi ma ya yi aikin gwamnati, malamin gona, kuma a wani kwas da aka tura su ne ya fara ganin an kunna wuta da kashin shanu. Abokan tafiyarsa suka tafa, suka dawo gida, suka manta. Shi abin ya bi shi har cikin barci. Da ya yi ritaya ya samu aron wannan fili ya fara haƙa, wani baffansa ya zo ya tsaya daga nesa, ya toshe hanci da gefen rawani, ya ce, "Hamzat, gidanmu da tawada aka san mu." Malam ya rusuna ya ce a hankali, "Haka ne, Baffa. Ita ma tawadar ai daga gawayi aka samo ta." Matarsa Hajiya Fatsuma ba ta hana shi ba, doka ɗaya kawai ta kafa: buta da sabulu a zaure, kuma takalmin roba ba ya tsallake ƙofar tsakar gida.

Iskar da Randa ke fitarwa da fari tana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma a cakuɗe take da wata iska mai nauyi wadda ba ta cin wuta. A nan Allah Ya haɗa shi da Cyprian, wani mai walda a Sabon Gari, haifaffen Kano, wanda in yana zuba Hausa ta bayan katanga ba ka ce ba daga Ƙofar Mata ya fito ba. An kira shi ne ya liƙe bututu ɗaya, sai surutun Malam ya kama shi, bai sake barin wurin ba. Su biyu suka haɗa duro ukun nan. Na farko cike da tarkacen ƙarfe mai tsatsa daga shagon Cyprian, shi ke kwashe warin. Na biyu ruwa ne da farar ƙasa, shi ke riƙe iskar banza. Na uku gawayi ne mai tsotse laima. Abin da ya fita daga na ukun shi ne tataccen gas, wanda masu karatu ke kira bayomitan, ɗan'uwan wanda ake ɗura wa motoci a yanzu.

Wanda bai ga yadda ake kai shi ba ya yi asarar kallo. Cikin wasu jakunkunan tamfol ake ɗura shi, kowace ta kumbura ta fi katifar aure girma, amma dattijo mai furfura zai ɗaga ta da hannu ɗaya. A ɗaure biyu a saman adaidaita, ta kama hanyar Sabon Gari tana rangaji cikin cunkoso, mutane suna ɗaga kai suna kallo ko za ta tashi sama da direban. Can za a sauke a gidan abincin Madam Philomena, wadda Malam ke kira Maman Munachi. Shekara ashirin ta yi tana girki da itace kafin ta san shi, idonta kullum ja, tari ya zame mata kamar gaisuwa. Ita da bakinta ta ce, "Ranar da ya fara kunna mini, na tsaya ina neman hayaƙin. Na ce Malam, ina hayaƙin? Ya ce Maman Munachi, an sallame shi. Wallahi sai da na zauna na yi kuka."

Kai ne, Malam, ka dubi abin da gari ke kauda kai daga gare shi ka ga abincin rana a ciki. Kai ne manoman lambu ke zuwa wurinka da jarka su ɗebi ruwan takin da Randa ta gama da shi, ba ka taɓa tambayar mutum ko ɗan gidan wa ne ba. An yi maka laƙabi da Sarkin Kashi don a ba ka haushi, ka amsa da fara'a har masu kiran suka ji kunya suka koma cewa Malam.

Bayan la'asar, in aiki ya lafa, yakan zauna a bencin nan ya jingina da turken rumfa, idonsa a kan layin dogo. A lokacin ne yake tafiye-tafiyensa. Yana ganin kowace karar shanu a ƙasar Kano da randarta a gefe, kowace kasuwar gwari da tata. Yana ganin buntun shinkafa da karan masara da ake cinna wa wuta a gonaki sun zama dukiyar da manomi zai kai a auna. Yana ganin jirgin ƙasa ya shigo tasha da tankunan tataccen gas daga ƙauyuka, adaidaita dubu suna zagaya Fagge babu baƙin hayaƙi, mata suna girki da fararen mayafai. Wani lokaci yakan yi nisa har sai Cyprian ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Malam, sauko, jirgin ya wuce."

Amma bai tsaya ga mafarki ba. Duk shekara sai ya zauna ya rubuta wasiƙa zuwa ga hukumomi da kyakkyawan rubutunsa na gado. Yana roƙon a ware fili kusa da mahauta da kasuwanni don irin wannan aiki. A kafa ma'aunin da za a gane tataccen gas da shi, don mai saye ya saya da kwanciyar rai, mai sayarwa kuma ya daina ɓoyewa kamar mai laifi. A sassauta shigo da kayan aikin. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne a horar da masu kula, domin gina randa aikin wata biyu ne, riƙe ta aikin rayuwa. Wasiƙun suna tafiya, amsa ba ta dawowa, shi kuma bai fasa sayen ambulan ba.

Sai ga zamani ya juyo. Man fetur ya yi tsada, gas ɗin girki ya bi shi, maganar makamashi daga sharar gona ta shiga bakin manya. Aka kafa wani kwamiti da zai zagaya ya ga masu irin wannan aiki, ya ba da shawarar dokar da za ta tallafa musu. A daidai lokacin kuma hukumar da ke da filin ta aiko wa Malam takarda: an tsara gina shaguna a wurin. Mafita ɗaya ce. In kwamitin ya zo ya shaida cewa Randa tana aiki, za a bar filin ya zama wurin koyarwa. In bai shaida ba, katafila za ta zo. Aka sa ranar Alhamis.

Saura kwana tara, da hantsi, sai ga a-kori-kura biyu sun tsaya a bakin ƙofa, maƙare da ruɓaɓɓen lemo, na zaƙi da na tsami. Daga gaban ta farkon aka riƙo hannun Alhaji Habibullah, dattijon 'yan lemo, aminin mahaifin Malam, mutumin da ya haura casa'in kuma ya daɗe bai fita nesa da gida ba. Ya dogara sanda ya ce, "Hamzat, ɗana, na ji za ka yi baƙi. Ni ba ni da shanu. Na bi rumfa-rumfa na ce kowa ya kawo abin da ya lalace masa, kada baƙi su zo su tarar da abarka da yunwa."

Malam ya san lemo. Ya san tsaminsa da man da ke cikin ɓawonsa guba ne ga garkensa, ya sha faɗa wa wasu haka. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi fuskar tsohon, ya dubi 'yan dakon da suka kewaye shi suna jiran a yaba wa ubangidansu. Ya tuna wannan hannun ne ya ba shi dabino ranar saukarsa ta Alƙur'ani. A gidan da ya tashi ba a mayar da hannun kyauta baya, balle hannun uba, balle a gaban jama'a. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah Ya saka da alheri, Baba." A ransa ya ce a jibge a gefe, in sun tafi ya san yadda zai yi.

Alhaji ya nemi benci ya zauna. "Ba inda za ni," ya ce, "sai na ga ta ci da idona."

Malam ya ce a zuba bokiti biyu don albarka. 'Yan dako kuwa, da suka ga Alhaji yana murmushi, suka kama shebur kamar ana gasa. Ana sara, ana zubawa, ƙamshin lemo ya cika wurin, shi kuma yana tsaye da itacen damu a hannu, yana damawa da kansa. Sau uku ya ɗaga kai zai ce ya isa, sau uku ya haɗiye. Da aka gama Alhaji ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, kowa ya shafa, Malam ma ya shafa.

A kwana na uku ƙugin ya yi rauni. A na huɗu ya ɗauke. Wurin ya ɗauki wani wari mai tsami da bai taɓa yi ba. Iska tana fita, amma ba mai cin wuta ba ce. Madam Philomena ta ƙyasta ashana har kwali ya kusa ƙarewa, sannan ta hau adaidaita ta zo da kanta, ta same shi zaune a ƙasa kusa da tudun.

"Malam, wa ya taɓa ta?"

"Ni ne, Maman Munachi."

Ta dube shi ta ga ba wurin ƙara tambaya, ta koma ta sa aka sayo mata itace.

Cyprian ne ya zo da shawara ranar Talata. Ya rufe ƙofa, ya rage murya. "Malam, ka saurare ni da kunnen basira. Akwai silinda a shagona, cike take da gas ɗin girki. Zan binne ta a bayan duro na uku, in haɗa bututu, ko ni da na yi sai na duba da kyau kafin in gane. Minti goma za su yi su tafi. Ai ba ƙarya ba ce, shekara sha takwas tana ci. Aron wutar yini ɗaya ne."

Kada wani ya ɗauka Malam ya ƙi nan take. Bai ƙi ba. Ya ce a ba shi zuwa gobe, kuma ranar ya wuce ƙofar gidansa sau biyu bai lura ba. Maganar Cyprian tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ce. Da safe suka haɗu a rumfa, Cyprian har ya taho da sifana a aljihu.

"Cyprian," in ji Malam, "kunya ta sa na kashe ta. In kuma na bar tsoro ya sa na yi mata ƙarya, me ya rage nawa a wurin nan? Mutanen nan doka za su rubuta da abin da suka gani. In na nuna musu randar da ba ta ciwo, za su rubuta doka don abin da babu shi a duniya."

"To ni fa? Maman Munachi fa, da ta koma tari? Kai kaɗai ne mai wurin?"

"Ba ni kaɗai ba ne. Shi ya sa nake neman gafararku."

Cyprian ya buga ƙofar kwanon ya fita. Da azahar ya dawo ɗauke da buhun toka a kafaɗa, ya dire, suka kama kwashe rabin cikin Randa don su rage mata tsami. Dukansu sun san ba a fafe gora ranar tafiya, kwana ɗaya ba zai tashe ta ba.

Ranar Alhamis motoci uku suka zo. Shugabar kwamitin, Injiniya Hajiya Raudha, mace ce marar yawan magana, da faifan rubutu a hannu. Unguwa ta cika wurin. Har Alhaji Habibullah an kawo shi, cikin babbar riga sabuwa, ya zo ganin abin da kyautarsa ta haifar. Malam ya zagaya da baƙi, ya nuna musu komai, sannan ya tsaya gaban murhun gwaji ya murɗa. Ya ƙyasta ashana, iskar ta hure ta. Ya ƙyasta ta biyu, ta uku. Ya ajiye kwalin.

"Ba za ta kama ba, Hajiya. Ba ta da lafiya."

"Me ya same ta?"

"Na ba ta abin da cikinta ba ya ɗauka, kuma ina sane."

"Wani ne ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni."

Hajiya Raudha ta dubi tsibin ɓawon lemon da aka kwaso jiya, ta dubi Malam, ba ta ƙara tambaya a kan wannan ba. Ta ja bencin ta zauna. Abokan aikinta suna duba agogo, ita kuwa sai da ta yi awa guda tana tambayarsa: yaya ake gane ta fara ciwo, me ke kashe ta, kwana nawa take ɗauka ta farfaɗo, wa zai kula da ita in mai ita ya kwanta. Yana amsawa tana rubutawa har ta juya shafi huɗu. Daga ƙarshe ta ce, "Wuri na tara ke nan da muka je. Kowa ya nuna mana yadda take ci, kai kaɗai ka gaya mana yadda take mutuwa." Ta zaro wata takarda ta nuna masa. "Amma ka ga fom ɗin nan, Malam. Gida biyu ne da shi: yana aiki, ba ya aiki. Ba ni da na uku."

"Rubuta abin da kika gani, Hajiya."

Ta daɗe da biro a hannu kafin ta sa alamar a gida na biyu.

Da jama'a suka watse, Alhaji Habibullah ya ƙi tashi. Ya kira Malam ya ce, "Lemona ne ko?" Malam ya sunkuyar da kai. "Me ya hana ka faɗa mini?" Ya ce, "Baba, bakin ne ya yi nauyi." Tsohon ya ce, "Da ka kore ni da kayana a gaban mutane, da na yi fushin kwana biyu. Wannan kuwa da shi zan kwanta dama." Shi Malam ya ce duk cikin abin da ya faru, wannan maganar ce ta fi yi masa ciwo.

Aka ba shi wata biyu ya tashi. Washegari da asuba sai ga shi a hanyar layin dogo kamar kullum. Ya daina ba ta komai sai ɗanyen kashin shanu kaɗan-kaɗan da ruwan toka. Mutane suka fara magana: tsoho ya zauce, yana jinyar abin da za a rushe. Ya ce musu ba a barin marar lafiya don an ce za a rushe ɗakin da yake kwance. Mako ɗaya shiru, biyu shiru, uku shiru. A rana ta ashirin da shida ya murɗa murhun gwaji ya ƙyasta ashana ba tare da ya sa rai ba, sai ga wani siririn zobe shuɗi ya kewaye bakin murhun yana rawa. Cyprian ya cire hularsa. Malam ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na wanda aka yafe wa laifi.

A zaunen nan ne tunanin ya zo masa. Sabuwar randa takan daɗe kafin ta farka, amma in aka zuba mata ruwan cikin mai rai, garken yakan bi ruwan ya kama sabon gida da wuri. Filin za a karɓe, siminti za a fasa. Garken kuwa ana iya ɗaukarsa a jarka.

Cyprian ya kama haɗa ƙananan randuna da tankunan ruwa na roba, irin wanda zai zauna a bayan gida. Malam ya yi sanarwa a masallaci, Madam Philomena ta yi a coci. Makonnin da suka rage, kullum da safe za ka ga layin jarkoki rawaya a bakin ƙofar kwanon: mahauta, masu abinci, wani mai gidan burodi, malaman wata makarantar kwana, manoman lambu daga bayan gari. Kowa sai ya zauna a benci ya ɗauki karatu kafin a cika masa, kuma darasin farko ba ya canzawa. "In ubanka ne ya kawo maka lemo," in ji Malam, "ka durƙusa ka gode masa, sannan ka ce a'a." Alhaji Habibullah ya sa aka share bayan gidansa aka kafa tanki mafi girma, ya ce a riƙa kawo masu koyo nan. Ita ma Hajiya Raudha ta zo ranar wata Asabar cikin motarta, ba direba, da jarka biyu a but. Ta nuna masa daftarin shawarar kwamitinsu, inda aka sa babi guda a kan horar da masu kula da ware fili kusa da kasuwanni. Ta ce ba ta san ranar da zai zama doka ba, ko ma zai zama. Ya ce ya saba jira.

Ranar da katafila ta zo, Malam bai je ba. Yana Sabon Gari, a bayan gidan abincin Madam Philomena, gaban wani baƙin tanki da aka zuba wa jarkar ƙarshe ta Randa. Ta miƙa masa ashana, ya mayar mata. "Taki ce, Maman Munachi, ke za ki kunna." Ta ƙyasta. Wutar ta kama tun a karon farko, ta ɗora tukunyar shinkafa, ta ce ba zai tafi ba sai ya ci.

In ka bi ta gefen layin dogo yau, shaguna ne a wurin, ana sayar da tayil da fenti. A cikin wani fayil kuma, a wani ofis, akwai takardar da ta ce aikin Malam Hamzat Wali ba ya aiki, kuma takardar ba ta yi ƙarya ba. Gidaje da wuraren sana'a goma sha tara ne ke girki da 'ya'yan Randa a ƙidayar da Cyprian ya yi kwanan nan, ban da waɗanda suka ɗiba daga wurin waɗanda suka ɗiba.

Malam, yanzu gwiwa ta fara ƙi, Hajiya Fatsuma ta rataye takalmin roba inda hannunka ba ya kaiwa. Mun gode. Mun gode da shekara goma sha takwas na wari da dariyar mutane. Mun gode da kuskurenka, da ka ɗauke shi kai kaɗai ba ka jingina wa tsoho ba. Mun gode da ashana ukun nan da ka ƙyasta a gaban jama'a kana sane ba za su kama ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ka ga jirgin nan naka ya shigo tasha da idonka.

Saura mu. Masu riƙe da alƙalamin doka, in kun zo tsara fom na gaba, ku bar gida na uku don abin da ya yi ciwo kuma ana jinyarsa. Masu shanu, masu gona, masu kasuwa, ku dubi abin da kuke zubarwa da kyau kafin ku juya masa baya. Wanda kuma ransa ya biya, Malam yana nan a Fagge, bayan la'asar, a ƙofar gida. Ba shi da fili yanzu, amma ya san gida goma sha tara da za a cika maka jarka in ka ce shi ya aiko ka.